Gurbi Goma Sha Biyu a Kamfanin Fanka

Shekara ashirin da shida ina aiki a kamfanin haɗa fanka, goma sha ɗaya daga ciki ina foman, kuma ban taɓa fita ƙofar kamfanin nan da ko ƙusa ɗaya a aljihuna ba. Na faɗi wannan tun da wuri ne don ku san da wa kuke magana. Ina da faɗa, ina da taurin kai, maiɗakina za ta ƙara muku wasu biyar a kai in kun tambaye ta, amma ba a taɓa nuna ni da yatsa a kan son kai ba. Da wannan suna nake taƙama, shi ne kuma ya kusa cin 'yar yayata.

Kamfaninmu yana da abin da manya ke kira kyautata wa al'umma. A wurinmu ma'anarsa ɗaya ce: duk shekara a ɗauki matasa goma sha biyu daga unguwannin da ke kewaye da mu, waɗanda ba su cika shekara ashirin da biyar ba, a koya musu naɗin koyil, wato wayar cikin injin fanka, da gyaran kayan lantarki na wata tara, a sallame su da takardar shaida da akwatin kayan aiki. Takardar ita ce abin nema. Da ita kowane kamfani zai dube ka. In babu ita, ko da ido rufe kake naɗa injin fanka, sunanka mai gyaran bakin titi. Zaɓen sha biyun nan a hannuna yake tun ranar da Manaja ya leƙo sashen naɗi, shekara takwas da suka wuce, ya ce, "Foman, kai ka san unguwa, riƙe mana wannan," kamar mai miƙa min makullin sito.

Daga ranar da aka manna sanarwa a ƙofar kamfani, gidana ya tashi daga nawa. Wanda muka yi firamare tare ya tuna da ni. Surukin maƙwabcina ya gano ashe kakanninmu sun yi zaman mutunci. Akwai wani mai sayar da taya da ke zuwa duk shekara da fanka lafiyayya, wai in duba masa tana ƙara. Sai na kwance ta kaf, hannuna ya yi baƙi da mai, sannan ya yi gyaran murya ya ce, "Af, Foman, yaron nan nawa fa." Maiɗakina takan ce in sa benci da mai ba da kati a ƙofa, tunda mun zama asibiti. Ni kuwa na kafa wa kaina doka guda, na kuma faɗe ta a gaban kowa: muddin ni ke zaɓe, jinina ba zai shiga ba. Da dokar nan nake rufe bakin kowa, kuma tana aiki.

Sai ga Tartsatsi. 'Yar Yaya ce, yayata da ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Sunan ya bi yarinyar tun tana shekara tara, ranar da ta zura waya a soket don ta ga abin da ke ciki, ta kashe wutar gidan gaba ɗaya. Da ta girma sai ta kafa tebur a barandar gidansu tana gyara wa matan unguwa dutsen guga da fanka da injin markaɗe. Sau uku tana cika fom ɗinmu, sau uku ina zare shi daga cikin tari in sa a durowa. Bana kuwa saura wata huɗu ta cika ashirin da biyar. In ta rasa wannan karon, ta rasa ke nan har abada.

Yaya ba ta aiko ba, da kanta ta zo, ranar hutu da hantsi. Ta ƙi shayi, ta ƙi kujera mai taushi, ta zauna a bakin benci da jakarta a cinya.

"Auta," ta ce. Ita kaɗai ke kirana haka, ina da furfura ko ba ni da ita. "Ban zo roƙo ba. Tambaya na zo yi. Yarinyar nan laifin me ta yi maka?"

"Yaya, kin san dokata."

"Na san ta. Wa ya kafa maka ita, kamfani?"

"Ni na kafa."

"To kai da ka ɗaure, kai za ka kwance. 'Ya'yan mutane casa'in da wani abu ka ba takarda. Tawa guda ɗaya ce, ubanta yana ƙasa, ba ta da wani kawu sai kai."

"Ranar da na sa ta, Yaya, unguwar nan za ta ce dama can jira yake. Shekara takwas ɗin duk sun zube."

Ta miƙe ta gyara mayafi. "Allah ya bar maka sunanka," ta ce, ta fita. Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Ranar Litinin na shiga ofishin Manaja ba tare da an kira ni ba. Shekara biyu ke nan yana lallaɓa ni a kan a miƙa shirin ga wata ƙungiya da aikinta ke nan, horar da matasa sana'a a madadin kamfanoni. Duk sanda ya tayar da zancen sai in murtuke fuska in ce abin da muka haifa ba za mu ba wani reno ba. Wannan karon ni na tayar.

Ya cire tabarau ya dube ni. "Lafiya, Foman?"

"Lafiya lau. Na sake tunani ne."

"Madalla. Ai na sha faɗa maka, mu fanka muka iya. Wata tara manyan masu naɗinka biyu suna koyarwa, layin haɗa fanka yana tafiya da ƙafa ɗaya. Yaran da muka yaye kuma, in na ce ka nuna min inda goma suke a yau, za ka iya?"

Na lissafa a raina, na tsaya a shida.

"Ka gani. Mun ba su akwati mun ɗauki hoto, shi ke nan. Waɗancan suna bin yaro shekara biyu bayan ya gama, suna da masu nema masa wurin aiki. Sannan ga abin da ya fi damuna." Ya jawo durowa ya nuna min tarin wasiƙu. "Duk shekara muna faranta wa gida goma sha biyu, mu ɓata wa ɗari biyu. Ɗari biyun nan kamfani suke zagi, kuma su ne masu sayen fankarmu. In wani ne daga waje ya zaɓa, da ƙa'idarsa a rubuce, ko an yi ƙorafi akwai amsa."

Duk gaskiya ya faɗa, na kuma gyaɗa kai kamar hujjojinsa ne suka kawo ni. Faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Na fito ina jin kaina sakayau: in an ɗauki Tartsatsi ba hannuna, in ba a ɗauke ta ba ba hannuna. Da maiɗakina ta ji, sai ta ce, "Wato ka rasa yadda za ka yi da yayarka, shi ne ka sayar da shagon gaba ɗaya." Na ce mata ba ta san harkar kamfani ba.

Shugabar ƙungiyar ta zo bayan mako biyu. 'Yar gajeruwar mace ce mai takalmin yawo, kowa Malama yake kiranta. Na zata za ta zo da dogon turanci da allon nuna hotuna, sai ga ta da ɗan littafi da biro. Ta zagaya sashen naɗi, ta tambayi kaurin wayar da muke amfani da ita, ta tambayi wane kuskure sababbin hannu suka fi yi. Tambayoyin masu hankali ne, abin ya ba ni haushi. Daga ƙarshe ta ce in ba ta duk fom ɗin bana. Na buɗe durowa na haɗa mata har da na Tartsatsi.

"Ga yadda muke yi," ta ce. "Kowa za a ba shi lamba, masu gwaji ba za su ga suna ba. Za a ajiye wa kowa fanka matacciya da kayan aiki, a ba shi awa biyu. Ba lallai ya gyara ba, hannunsa da hankalinsa muke kallo. Kuma ba ma'aikacin kamfani ko ɗaya a ɗakin."

"Har ni?"

"Musamman kai, Foman. Don kare ka ne."

Na ce ai dama abin da nake so ke nan, kuma a lokacin da gaske nake.

Abin mamaki, gidana ya dawo nawa. Duk wanda ya zo sai in buɗe hannuwa in ce, "Wallahi ya bar hannuna, ga adireshin ƙungiya." Na ci abincin rana da zafinsa har kwana goma a jere. An yi gwaji a wani zauren taro da ƙungiyar ta kama, mutum ɗari biyu da 'yan kai, kwana uku ana yi. Maiɗakina ce ta ji daga bakin Yaya cewa lambar Tartsatsi arba'in da ɗaya. Ni ban tambaya ba, amma lambar ta zauna min a kai.

Ranar da aka manna sakamako a ƙofar kamfani na bari sai da taron ya watse, lokacin hutun rana, sannan na je kamar mai wucewa. Lambobi goma sha biyu. Na karanta daga sama zuwa ƙasa, na sake daga ƙasa zuwa sama. Babu arba'in da ɗaya.

Ban san sanda na tayar da babur ba. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba, kuma ban tsaya tambayar kaina da wa nake fushi ba. Ofishin ƙungiyar hawa na biyu ne a saman wani shagon kayan gini, ɗaki biyu da baranda. A barandar akwai benci, a kan bencin akwai mutum shida masu jiran Malama, na bakwai kuwa mai sayar da taya ne. Ya matsa min wuri da fara'arsa.

"Foman! Kai ma yaronka ne?"

Na zauna, don ba yadda zan yi. Minti arba'in na yi a bencin nan ina kallon takalmina, ina shirya maganar da aka sha shirya min. Ashe haka bencin yake da tauri.

Da na shiga ban ko gama gaisuwa ba na ce, "Malama, lamba arba'in da ɗaya. 'Yar yayata ce. Shekara takwas ban taɓa neman alfarma ba, yau na zo nema. Bana ce shekararta ta ƙarshe."

"Ba zan iya ba ta gurbi ba," ta ce, ba ko ɗar.

"Kamfaninmu ne fa ya ba ku aikin nan."

"Shi ya sa. Ya ba mu ne don ranar da foman zai zo ya ce 'yar yayarsa, a samu mai ce masa a'a. Zauna, Foman, ka ga wani abu."

Ta buɗe kabad ta ɗauko injin fanka da aka cire wa murfi ta ajiye a gabana. Hannuna ya riga ni, na ɗauka na juya shi wajen taga. Naɗin ya kwanta layi bisa layi, ba waya ɗaya da ta hau 'yar'uwarta. An ɗaure kawunan da zare tsaf, an rufe mahaɗar yadda ko shekara goma zafi ba zai ci ta ba. A inda yawancin masu naɗi ke jan waya da ƙarfi har fentinta ya kankare, nan an bi kwanar a hankali. Na san hannun kowane mai naɗi a kamfaninmu, wannan ba na ɗayansu ba ne.

"Wa ya yi wannan?"

"Arba'in da ɗaya. Sauran sun canza kafasita, wasu sun share datti, wasu sun zauna suna kallon fankar. Ita ta shinshina injin ta ce ya ƙone, ta nemi waya, ta warware shi ta sake naɗawa. Mun ƙara mata lokaci don mai gwajin ya ƙi yarda a tsayar da ita." Ta karɓi injin daga hannuna. "In na ba ta gurbi, wata tara za ta yi ana koya mata riƙe filaya, na kuma hana wani da bai iya komai ba. Koyo ba shi take buƙata ba. Takarda take buƙata."

"To ai takardar a cikin shirin take."

"A cikin naku. Hukumar sana'o'i tana da gwajin ƙwarewa na waɗanda suka riga suka iya. Kwana uku ne, ba ruwansu da shekaru, takardar kuma ta fi taku nauyi. Mun samu mutum bakwai irinta a cikin masu nema, duk mun ba su fom jiya. Yau ƙarfe biyar ake rufe karɓa, mu za mu kai."

"Tun yaushe ake wannan gwajin?"

"Tun kafin ku fara shirinku."

Na ji kamar an zare min kujera. Shekara takwas ina tsaron ƙofa ɗaya da sanda, ban taɓa sanin ginin yana da ta biyu ba. Kuma ta yaya zan sani? Ni fanka na iya.

Malama ta dube ni, ba da mugunta ba. "Abin da ya ɗaure min kai, Foman, kai ne babban mai naɗi a yankin nan. Ba ka san ta kai haka ba?"

Na ce mata rana tana yi, na yi godiya na sauko.

Ƙarfe biyu saura na isa gidan Yaya. Tartsatsi tana baranda a bakin teburinta, ta ɗaure kai da ɗankwali, tana kwance wani dutsen guga. Yaya tana daga ciki bakin ƙofa tana tsintar shinkafa a faranti. Na yi sallama, aka amsa min a taƙaice. Fom ɗin yana kan teburin, an danne shi da filaya. Na ɗauka na duba. An cika komai da rubutunta mai kyau, sai akwati ɗaya a ƙasa: shaidar ƙwararren mai sana'a wanda ya ga aikin mai nema da idonsa.

"Wa zai sa miki hannu a nan?"

"Mai gyaran janareta na bakin kasuwa ya ce in zo ƙarfe uku, Kawu."

"Mai gyaran janareta! Ga foman guda a gidanku?" Na zaro biro daga aljihu. "Kawo nan. Ai na san kin iya."

Ta ajiye sukundireba, ta sa yatsu biyu ta janye takardar daga gabana a hankali.

"Ba ka sani ba, Kawu."

"Yanzu na fito daga ofishinsu, na ga injin da kika naɗa."

"Injin ka gani. An ce wanda ya ga ina yi." Muryarta ba ta tashi ba. "Shekara ukun nan da nake cika fom kana zuwa gidan nan. In ka tarar ina aiki sai ka juya kujerarka ta kalli titi. Sau ɗaya na kawo maka koyil ka duba min, ka ce idonka yana ciwo. Kai ba ka sa hannu a kan abin da ba ka gani ba, kowa ya san haka. Ba zan zama ta farko ba."

Yaya ba ta ɗago daga farantinta ba. Hannunta dai ya tsaya.

Maganarta gaskiya ce, kuma na san dalilinta. Na ƙi kallo ne don ina tsoron abin da zan gani. In na ga ta iya, dokata ta tashi daga gaskiya ta koma zalunci, ni kuwa na fi son dokar. Kunya ta kama ni tun daga wuya har tafin ƙafa, a gaban yarinyar da aka haifa a kan idona.

"Gaskiyarki," na ce. "Kina da injin da ya ƙone?"

"Akwai na fankar matar mai wanki."

"Awa nawa?"

"Biyu, in ba a dame ni ba."

Na jawo kujera na juyo da ita ta fuskanci teburin, na zauna. Ta ɗauko injin, ta yanke tsohon naɗin, ta ƙirga zagayen tana motsa leɓe, ta rubuta adadin a bayan hannunta. Sannan ta fara. Sau biyu bakina ya buɗe zan ce a yi kaza, sau biyu ta riga ni yi. A kwana ta uku ta yi wata dabara da babban yatsa wadda ni ban taɓa gani ba, na matso har numfashina yana taɓa wayar.

"Kawu, kana tare min haske."

"Yi haƙuri." Na ja baya.

Wajen ƙarfe huɗu da kwata ta haɗa wayoyin, ta mayar da murfi, ta sa a soket. Fankar ta ɗauka ba gargada, iskarta ta ɗaga gefen fom ɗin har sai da na dafe shi. Yaya ta taso ta tsaya a bayana, ina jin ta ban juya ba.

Tartsatsi ta turo min takardar. Na rubuta sunana cikakke, da muƙamina, da sunan kamfani, na sa hannu. A ƙasa akwai wani ɗan layi: dangantaka da mai nema, in akwai.

"Wannan ba dole ba ne, Kawu," ta ce. "Kana iya barinsa. Mutane za su yi magana."

"Su yi."

Na danna biro na rubuta da manyan baƙaƙe, har ya fita daga layin: KAWUNTA NE. Sannan na ce ta ɗauko takalminta, saura minti talatin a rufe, ni zan kai ta ofishin Malama.